Ƙullin Agafiya

Litinin, 13 ga Maris

Na je garin gunduma neman fasfo. Shekara sittin da huɗu ban taɓa buƙatarsa ba, yau sai ga ni a layi da yara sa'o'in 'yata, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Yarinyar da ke bayan gilashi ta ce in ɗora yatsu a kan wani ɗan akwati mai haske. Na ɗora, bai ga komai ba. Ta ba ni mai na shafa, na sake ɗorawa, shiru. Wai yatsuna ba su da zane. Na ce mata 'yar nan, zanen yana can jikin ƙotar fartanya da sitiyarin tarakta, in suna so su aika a kwaso. Ko murmushi ba ta yi ba. Daga ƙarshe ƙaramin yatsan hagu ne ya yarda, shi da bai taɓa tsinana mini komai ba.

Wajen hoto suka ce in cire hula, kuma kar in yi dariya. Wa ya gaya musu zan yi?

Zan je Italiya in ɗauko matata Agafiya. Na rubuta a nan don in gani da idona. Tsohuwar da take jinya a Padova ta rasu a watan jiya, Allah ya ji ƙanta ko da ban san ta ba. Shekara goma sha shida matata tana yi wa iyayen wasu wanka, kuma kullum maganar ɗaya ce, in wannan ta tafi zan dawo. Wannan ce ta uku da ta tafi. Na gaji. In na je da ƙafata, ba ta da bakin cewa kaya ne suka yi mata yawa.

Laraba, 15 ga Maris

Na faɗa wa Varvara. Dole ce, ita kaɗai ta rage mini a layinmu, sauran gidajen duk kwaɗo ne a ƙofa, masu su na Italiya ko Rasha ko maƙabarta. Ita ta riƙe 'yarmu Rodika ranar baftisma, shi ya sa nake ce mata kumatra, ita ta ce mini kumatre, kuma tun daga ranar take ganin tana da izinin tsoma baki a komai nawa. Na ce ta duba mini akuya da kaji da kare na sati uku. Ta dafa shinge ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta. Wai ni da in na je Kishinau, babban birninmu, sai na yi kwana biyu ina ciwon kai, ni ne zan keta ƙasashe a mota. Ta ce akuya za ta karɓa, amma madarar tata ce. Na ce ai dama ban zaci za ki ajiye mini ba.

Ta tambaya ko Agafiya ta sani. Na ce za ta sani ranar Lahadi. Ta dube ni, ta gyara ɗaurin kallabi. Varvara ta yi shiru. Wannan ma abin rubutawa ne.

Juma'a, 17 ga Maris

Na gama datse inabi. Bayana kamar ba nawa ba.

Asabar, 18 ga Maris

Na buɗe babban ɗaki don ya sha iska. Sanyi a ciki ya fi na waje. Dardumomin uwar Agafiya na nan a bango, matasan kai jere har kusa da silin kamar yadda ta bar su. Kwalaye kuwa yanzu sai mutum ya karkata kafin ya wuce: injin wanki, tukwane, labule, barguna, wani abu mai igiyar wuta da ban san aikinsa ba. Duk abin da ta aiko a mota tsawon shekarun nan yana nan da manninsa. Taliya da kofi da man zaitun kawai nake cirewa, su ma rabi Varvara ke ci. Sauran sai ta dawo ta ce ga inda kowanne zai zauna, ni me na sani game da labule?

Ni dai ɗan ɗakin girki na tsakar gida ya ishe ni. Gado, murhu, rediyo. Gidan nan mai ɗaki biyar da guminta aka gina shi, kuma duk kwanan da ta yi a cikinsa in an haɗa ba zai kai shekara ba.

Na share yanar gizo, na rufe.

Lahadi, 19 ga Maris

Agafiya ta kira bayan coci kamar kullum, a wayar nan mai hoto da Rodika ta aiko mini. Ta ce in matsar da wayar, kunnena kawai take gani. Na faɗa mata zan zo bayan bikin Ista. Ta ce, kai tsoho, da gaske? Na ce har na yi hoto. Ta yi dariya, ta goge ido da gefen riga, ta shiga lissafa mini abin da zan sa da wanda ba zan sa ba, kada in kuskura in zo da rigar sanyin nan mai faci in kunyata ta a gaban surukinta.

Ban ce mata ɗaukarta zan zo yi ba. Ita ma ba ta tambayi abin da zai kawo ni ba. Ta yi murna dai, na gani. Gashinta ta yanke shi gajere, ta rina.

Alhamis, 23 ga Maris

Na tare Anatol a bakin shago yana loda kaya. Shi ne mai ƙaramar bas ɗin da ke zuwa Padova duk Alhamis, rabin ƙauyen nan shi ya kwashe. Ya ce mutum ɗaya jaka ɗaya, kuma kar in ɓoye cuku ko nama a cikin safa, a iyaka suna da karnuka, in aka kama duk motar za a sauke. Na ce kumatra ta riga ta ɗaure wa Agafiya cukun tumaki. Ya ce to in cinye shi kafin mu kai gadar iyaka.

Ya tambayi ranar dawowa. Na ce tsakiyar Mayu, kujera biyu. Ya ɗago kai daga igiyar da yake ɗaurewa ya ce, "Biyu, Baba Gavril?" Na ce kunnenka ne ya toshe? Ya ce a'a, Allah ya kai mu. Yadda ya faɗa ne bai yi mini ba.

Asabar, 25 ga Maris

Shamuwa sun dawo kan turken wuta. Kare ya yini yana yi musu haushi.

Lahadi, 26 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Mun gama maganar takalmi da maganin hawan jini, har zan kashe, sai ta ce, "Tsoho, in za ka taho ka buɗe akwatin katakon da ke bayan ƙofar babban ɗaki. Can ƙasa akwai ƙullina. Ka taho mini da shi."

Na ce wane ƙulli?

"Ka san wanda nake nufi."

Na sani. Kowace mace a ƙauyen nan in ta haura hamsin tana haɗa nata, uwata ta haɗa, uwarta ta haɗa. Rigar da za a sa mata in ta mutu, kallabi, takalmi mai laushi da bai taɓa taka ƙasa ba, farin ƙyallen rufa, tawul-tawul na masu ɗaukar akwatin gawa, hankici da za a ɗaura wa kyandir, da waɗanda ake shimfiɗawa a kowace mararraba a hanyar maƙabarta. A ɗaure cikin zane, a sa a ƙasan akwati, a manta da shi. Ƙulli ba ya yawo. Gidan da yake ciki, daga nan mai shi take sa ran a fitar da ita.

Na ce me za ki yi da shi a ƙasar mutane? Ta ce jikoki na kiranta, za mu yi magana. Ta kashe.

Na zauna da wayar a hannu har tuwon masara ya kama.

Litinin, 27 ga Maris

Na kira Rodika, ita ma can Italiya take aure, tana wajen aiki. Na ce ta gaya mini gaskiya, ni ba yaro ba ne, me likita ya ce da uwarta? Ta ce wane likita? Mama lafiyarta ta fi taka, baba, jiya ma ita ta hau tsani ta wanke tagogi. Ta ce tun da tsohuwar ta rasu Mama ta dawo gidansu, sun gyara mata ƙaramin ɗaki, ita ke kai yara makaranta, har ta shuka tumatir da ɗaɗɗoya a baranda. Tana ba ni labarin da murna, kamar albishir take yi mini.

Ta shuka tumatir.

Allah na tuba, amma da ciwo ne da na san abin da zan yi. Da na sayar da gonar inabi na tafi na zauna a bakin gadonta. Wannan kuwa ban san sunansa ba.

Talata, 28 ga Maris

Ban shiga babban ɗaki ba.

Alhamis, 30 ga Maris

Na yanke shawara. Zan ce na manta. Tsoho ne ni, ita da bakinta take faɗa. Muddin ƙullin na gidan nan, ƙafarta ɗaya na nan, ko ba jima ko ba daɗe dole ta biyo shi.

Na yi kuskuren faɗa wa Varvara da ta kawo mini miyar wake, don azumin kafin Ista ne kuma ta san in ba ta kawo ba burodi da albasa zan ci. Ta ajiye tukunya ta riƙe ƙugu. Ta ce kumatre, ashe garkuwa za ka yi da kayan gawa? Ta ce mace ta nemi ƙullinta ka hana ta, ko a zamanin yunwa ba a yi haka ba. Na ce ba hanawa zan yi ba, mantawa zan yi. Ta ce mantuwar da aka shirya tun wata guda kafin ranarta, wannan sabon salo ne, ta tsufa ba ta taɓa ji ba.

Miyar ta yi gishiri. Na gaya mata, don kar ta ɗauka ta ci gardamar.

Laraba, 5 ga Afrilu

Fasfo ya fito. Mutumin da ke ciki kamar wanda aka kama ya saci kaza. Na sa shi a aljihun ciki, duk hanya ina taɓawa.

Na sayi jaka a kasuwa, irin mai zane-zanen nan da kowa ke tafiya da ita, da takalmi baƙi da ke matse mini babban yatsa. Mai shagon ya ce zai saki. Na sa shi na je ba akuya ruwa don ya saba, ta tsaya tana kallon ƙafata. Da yamma na shimfiɗa jakar a kan gado na zauna ina kallonta. Ban san abin da mutum ke ɗauka ba. Lokacin da na tafi soja uwata ce ta haɗa mini, bayan nan kuma ni ne mai tsayawa a bakin hanya ina ɗaga hannu.

Lahadi, 9 ga Afrilu

Ta tambaya ko na ga ƙullin. Na ce makullin akwatin ya ɓace, ina nema. Ta ce akwatin ba shi da makulli, Gavril, tun na kakata ne, ƙusa ce kawai ake zarewa. Na ce to ƙusar ta yi tsatsa. Ta dube ni ta cikin wayar irin kallon nan nata, ta ce a sa mata mai.

Jikata Kiyara ta leƙo ta gaishe ni. Kalma biyu da harshenmu, sauran da nasu. Na yi ta gyaɗa kai kamar na gane.

Talata, 11 ga Afrilu

Na je gyaran kaburbura kafin Ista. Na cire ciyawa a na baba da na inna, na shafa wa shingen fenti. Sannan na wanke namu. Shekara uku ke nan da na kafa shi, baƙin dutse mai sheƙi, sunana da nata, hotona da nata, shekarar haihuwa, sai ɗan layi, sai fili. Mutane da yawa sun yi haka, don wa zai yi maka in ba ka yi wa kanka ba? Ita a waya kawai ta gan shi. Abin da ta ce shi ne na rasa hoton da zan zaɓa sai wanda ta yi ƙiba a ciki.

Wuri ne mai kyau, a kan tudu, ana hango rufin gidanmu. Na tsaya na daɗe. Ta ina za a ce rabin dutse ya zauna babu kowa a ƙarƙashinsa?

Lahadi, 16 ga Afrilu, Ista

Almasihu ya tashi.

Na dawo daga coci da kwandona, burodin Ista da jajayen ƙwai da Varvara ta rina mini. Na shimfiɗa farin zane a tebur kamar yadda aka saba. Ƙwai sai mutum biyu, wannan ya riƙe nasa, wancan ya buga, wanda nasa bai fashe ba shi ya ci. Na riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu, na yi gaisuwar Ista na amsa wa kaina. Hagu ta ci.

Da rana Agafiya ta kira. Can gidan cike, ana ta hayaniya, yara na gudu. Na sha kofi biyu na giyar inabi bayan dogon azumi, bakina ya buɗe. Na ce mata ba zan kawo ƙullin ba. Na ce ɗaukarki zan zo yi, kujera biyu na kama, kin ce in wannan ta tafi za ki dawo, ta tafi. Ta tashi ta fita baranda ta ja ƙofa.

Ta ba ni labarin Tudora, ƙawarta 'yar ƙauyen da ke gaba da namu, da ta faɗi ta mutu a gidan aikinta bara. Ƙullinta na gida, ba wanda zai kawo a kan lokaci. Masu gidan suka zaɓa mata kaya a cikin nasu, wando da riga mai fure, kai babu kallabi. Babu tawul ko ɗaya, babu kyandir a hannun kowa. Agafiya ce ta kwance nata kallabin ta ɗaura mata. Ta ce tun ranar ba ta da kwanciyar hankali.

Na ce ai shi ya sa za ki dawo gida, a yi miki komai yadda ya kamata, ga dutse na kafa.

"Wa zai zo wajen dutsen, Gavril?"

Na ce ni.

"Bayan kai fa? Rodika ba za ta dawo ba, ka sani. Yaran nan ko sunan ƙauyen ba sa iya faɗa. A nan in na kwanta, suna wucewa ta wajen maƙabartar duk ranar makaranta. Ba na so in kwanta inda ba mai zuwa."

Na ce gidan fa? Gidan da kika karya bayanki a kansa? Ta ce ta sani, tana mafarkinsa, amma zuwanta na ƙarshe ta tashi da safe ta rasa inda ake ajiye gishiri, sai da ta tambaye ni kamar baƙuwa. Ta ce ba da ni ta gaji ba. Ta ce ɗakinta na gidan Rodika ƙarami ne amma gadon na mutum biyu ne, da gangan ta sa aka sayo haka.

Na kashe wayar. Ban taɓa kashe mata waya ba sai yau, ranar Ista.

Laraba, 19 ga Afrilu

Ba ta kira ba. Ban kira ba. Na shuka dankali.

Alhamis, 20 ga Afrilu

Anatol ya tsaya a ƙofa ya danna ham. Alhamis mai zuwa da safe, in shirya. Ya ce na dawowa har yanzu biyu? Na ce biyu.

Gadon mutum biyu. In je in zauna a bene ina kallon tumatir a tukunya, in ba a fassara mini ba ko burodi ba zan iya saya ba. Ni da nake da gangar inabi uku a ɗakin ƙasa. Ta raina ni ne kawai.

Asabar, 22 ga Afrilu

Yau ban yi magana da kowa ba sai kare. Na lura ne da yamma, da na buɗe baki na ji muryar ta dishe.

Litinin, 24 ga Afrilu

Istar matattu. Kowa ya tafi maƙabarta da kwandonsa. Da, in ranar nan ta zo, ba ka samun inda za ka sa ƙafa, kowane kabari da mutanensa a zagaye, an shimfiɗa tebur, yara na bin layi suna tara alewa da ƙwai, fada, limamin coci, na bi ɗaya bayan ɗaya yana addu'a yana zuba inabi, sai la'asar yake gamawa. Yau kafin rana ta take ya gama ya naɗe rigarsa.

Na shimfiɗa zane a kan kabarin baba da na inna, na jera burodi da kofi da tawul da kyandir. Sadakar nan ta kan kabari ake miƙa ta, hannu da hannu, a ambaci sunan mamacin, mai karɓa ya amsa. Na ɗaga kai ina neman wanda zan ba. Masu motocin da suka zo daga Kishinau sun riga sun tafi. Sai Varvara can wajen kabarin mijinta Ilariyon, ita ma riƙe da nata tana waige-waige. Ta zo na miƙa mata don ran baba, ta amsa. Na bi ta ta miƙa mini don ran Ilariyon, na amsa. Muka dawo don inna. Muka koma don 'yar'uwarta. Haka muka yi ta safa da marwa, har na lura kofin da ta ba ni a karo na uku nawa ne da na ba ta a farko.

Muka zauna a benci muka ci ƙwai. A gabanmu kabarin malamin da ya koya mana karatu, 'ya'yansa huɗu duk suna waje, ƙaya ta rufe shi har gicciyen ya karkace. Na tuna ranar da aka binne shi ƙauyen nan kaf ya fito. Na tashi na miƙar da gicciyen, na sake shi, ya koma yadda yake.

Varvara ta ce, "To kumatre, in na riga ka, kai za ka miƙa nawa. In ka riga ni, ni zan miƙa naka. Wanda ya yi saura kuma sai dai akuya ta miƙa masa."

Ta yi dariya. Ni ma na yi, amma ba ta kai ciki ba. Na juya na kalli dutsenmu, rana na dukansa, mu biyu muna ta kallon hanya.

Talata, 25 ga Afrilu

Ƙusar ba ta yi tsatsa ba. Da yatsa biyu na zare ta.

Ba ɗauka na je yi ba, dubawa kawai, ko asu ya shiga. Na ɗaga barguna da rigunan aurenta, warin kafur da busasshiyar ɗaɗɗoya ya bugo ni, warinta sak lokacin da take nan. Ƙullin na ƙasa, cikin zane mai ruwan toka, an ɗaure kusurwa huɗu. Ban kwance ba. Na ɗaga shi, ba shi da nauyi.

A ƙarƙashinsa akwai wani.

Wannan na kwance, don ban san na wane ne ba. Baƙar kwat sabuwa, farar riga a ninke da allurai a wuyanta, safa, takalmi, hula irin wadda nake sawa. Tawul-tawul da ta yi wa ɗinkin baki da hannunta, na san ɗinkinta. A aljihun kwat ɗin akwai mataji da hankici. Na buɗe wandon na ga an rage ƙugunsa da zare, an rage sosai.

Na je na tambayi Varvara. Ta ce ai zuwan Agafiya na ƙarshe ta haɗa, a ɗakin Varvara ta yi ɗinkin don kar in gani in ce tana yi mini fatan mutuwa. Wai ta ce tsohon nan ya rame, kuma in aka bar shi da kansa da rigar noma za a binne shi. Na ce shekara huɗu kina sane ba ki faɗa ba? Ta ce an tambaye ta ne?

Na koma na zauna a kan kwalin injin wanki, ƙulli biyu a gabana. Ina nan ina ƙirga mata laifi tana can tana wanke iyayen wasu, ashe ta auna ƙuguna da ido. Na yi kuka. Ba kowa a gidan, don haka ba komai.

Laraba, 26 ga Afrilu

Na haɗa jaka. Riguna uku, wando biyu, magani, zuma, busasshen inabi na yara, da manyan gorunan roba biyu na jan inabi daga gangar bara, don surukina ya san abin da ake kira inabi. Jakar ta cika dam, sai da na hau kanta kafin zip ya ja. Cukun Varvara na cinye rabi, kare ya samu rabi, kar ta ji.

Na kai akuya. Na nuna wa Varvara inda hatsin kaji yake da yadda ake rufe ɗakin ƙasa, kamar ba ta fi ni sani ba. Ta ce dankalin fa, wa zai yi masa huɗa in ka daɗe? Na ce sati uku ne. Ta ce to.

Da la'asar na kira Agafiya. Ta ɗauka tun bugu na farko. Ba ta ambaci Ista ba, ni ma haka. Ta ce in sa rigar sanyi a mota, wajen duwatsu akwai sanyi, kuma kar in sha ruwa da yawa don Anatol ba ya son tsayawa. Ta ce za ta jira ni a inda motar ke sauke mutane. Ba ta tambayi ƙulli ba. Da ta tambaya da na sami abin yin faɗa.

Na sake buɗe jakar. Na cire gora ɗaya da zuma, na sa ƙullinta a tsakiya, cikin rigunana, don kar ya yi datti. Kayanta ne. Ban taɓa riƙe wa mutum kayansa ba, ba kuma yanzu zan fara ba. Ba yana nufin na yarda ba ne. Za mu yi magana in na je, har yanzu ina da bakina.

Alhamis, 27 ga Afrilu

Na tashi da wuri. Na kashe wuta daga mita, na rufe tagogi, na zagaya gonar inabi, ta fara toho. Kare na wajen Varvara, ina jin kukansa daga nan. Takalmin bai saki ba.

Na cire ɗaya gorar ma, surukin ya sha nasu. Na sa nawa ƙullin kusa da nata. Ba don komai ba, wuri ne ya ragu a jakar, kuma ba na son kaya su yi ta girgiza a hanya.

Ga ham ɗin Anatol nan.